Wa Ke Biyan Kuɗin Magani? Tarihin Tsadar Jinya Daga Zamanin En'e Zuwa Katin Inshora

Dattawan ƙasar Gwandu, tun daga Andarai da Maiyama har zuwa Jega da Aliero, suna da maganar da sukan yi idan aka miƙa musu takardar kuɗin asibiti. Sukan ce a zamaninsu magani kyauta ne: mutum ya tafi ɗakin shan magani da 'yar kwalbarsa, malamin asibiti ya tsiyaya masa ruwan magani, a wanke masa gyambo a ɗaure, ya komo gida bai taɓa aljihunsa ba. Ba ƙarya suke yi ba, sai dai labarin bai cika ba. Tun da maganin Bature ya shigo ƙasar nan, ba a taɓa wayar gari ya zo hannun mara lafiya ba tare da wani ya biya kuɗinsa ba. Abin da ya yi ta sauyawa cikin shekaru kusan ɗari shi ne wanda ke biya, da kuma lokacin da yake biya: ko tun yana da lafiyarsa, ko kuwa sai ciwo ya kwantar da shi. Iyalin da ke zaman jinya a yau suna da haƙƙin sanin yadda aka yi nauyin ya dawo wuyansu.

A zamanin mulkin mallaka, asibitocin farko na gwamnati an gina su ne domin Turawa da sojoji da ma'aikata. Talakan karkara ya fara ganin maganin asibiti ne ta hannun En'e da 'yan mishan. En'e ta Gwandu, mai hedikwata a Birnin Kebbi, tana da baitulmali kamar sauran takwarorinta na Arewa, kuma a cikinsa ake zuba harajin da dagatai da hakimai suka tara, da jangalin da makiyaya suka biya a kan shanunsu. Daga nan ake fitar da albashin malamin asibiti, a sayo kwinin da aidin da bandeji. Tun a shekarun 1930 akwai makarantar horar da masu haɗa magani a Zariya, wadda ita ce kakar sana'ar da muke yi a yau. Ke nan manomin da ya sha magani bai biya ba, ya riga ya biya tun da kaka, ranar da ya sayar da amfanin gonarsa ya kai haraji. Da za a raɗa wa tsarin suna irin na yanzu, da an ce inshora ce ta dole: kowa ya zuba, mai lafiya da mara lafiya, wanda ciwo ya kama ya amfana.

Amma kada begen zamanin da ya rufe mana ido. Ɗakunan shan maganin ƙalilan ne, tsakanin wannan da wancan tafiya ce mai nisa a ƙafa ko a kan jaki, kuma abin da ke kan kantarsu bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Babu wankin ƙoda, babu hoton ciki, babu ajiyar jini. Mace idan naƙuda ta yi gardama a ƙauye, mafi yawa sai addu'a. Jinya ta yi araha a wancan lokaci domin abin da ake iya yi wa mara lafiya kaɗan ne ƙwarai.

Shirin raya ƙasa na shekara goma da Turawa suka fara a 1946 shi ya buɗe ƙofar gina manyan asibitoci a larduna, kuma a farkon shekarun 1950 Birnin Kebbi ta samu asibitin da ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya. Da aka samu 'yancin kai, tun a 1962 ministan lafiya na tarayya, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai ƙudurin inshorar lafiya gaban majalisa a Legas. Ƙungiyar likitoci ta yi adawa da shi, ƙudurin ya faɗi. Ba a sake samun dokar inshora ba sai bayan shekara 37. Babu wanda ya damu sosai a lokacin, domin jim kaɗan bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya kwararo. A shekarun 1970 gwamnati ta gina asibitoci da dakunan shan magani, ta cika su da magungunan waje, kuma hakan bai yi mata nauyi ba saboda naira tana da ƙarfi: a 1980 dala ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba. Wannan shi ne zamanin da akasarin iyayenmu ke tunawa. Rijiyar mai ce ke biya musu.

Da farashin mai ya karye a farkon shekarun 1980, sai asirin ya tonu. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya yi wuya, kantocin maganin asibitoci suka bushe. A jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, Birgediya Sani Abacha ya lissafa halin asibitoci cikin dalilan kifar da gwamnati, yana cewa sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Sojojin ba su gyara abin da suka yi kuka da shi ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka karya darajar naira, kafin ƙarshen shekarar dala ta haura naira 3. Daga nan ne aka saba da al'adar da ta zame mana jiki: likita ya rubuta takarda, a ce wa ɗan jinya ya fita waje ya sayo, har safar hannu da sirinji da zaren ɗinki.

A watan Satumba na 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince da wata dabara. Tunda gwamnati ba ta iya ba da magani kyauta, to a ba kowace cibiya jarin magunguna masu muhimmanci, ta sayar a kan farashi mai sauƙi, ta juya kuɗin ta sake sayowa. Wannan shi ne asusun magani mai juyawa, wanda har yau yawancin kantocin maganin asibitocin gwamnati a kansa suke tafiya. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya rungumi tsarin, kuma a 1989 aka yi dokar jerin magunguna masu muhimmanci. A ganina dabarar ta yi abin da aka ƙirƙire ta dominsa, domin magani na kuɗi a cikin asibiti ya fi kanta babu komai. Amma ita ce ta tabbatar da sauyin da ya fi kowanne nauyi a tarihin nan: biyan kuɗi ya tashi daga lokacin lafiya ya koma lokacin ciwo, ya tashi daga kan jama'a baki ɗaya ya koma kan wanda ke kwance. Asusun kuma yana da rauni biyu da duk wanda ya riƙe shi ya sani. Idan aka ari kuɗinsa aka yi wata hidima, jari ya karye. Idan kuma naira ta faɗi tsakanin saye da sayarwa, kuɗin kwali goma ba zai sake sayo kwali goma ba. A tsakiyar shekarun 1990 asusun rarar man fetur na PTF, ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, ya sake zuba magunguna a asibitoci, amma da aka rushe shi a 1999 wurare da yawa suka koma gidan jiya.

Inda asibiti ya gaza, kasuwa ta cike gurbi, kuma ta cike shi da mai kyau da mara kyau. A 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Jos da Ibadan bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da sinadari mai guba. Wannan musiba tana cikin abubuwan da suka kai ga kafa hukumar NAFDAC a 1993, wadda ta yi suna a yaƙi da jabun magani bayan Farfesa Dora Akunyili ta karɓi ragamarta a 2001. Jabu ma wani nau'i ne na tsada, domin wanda ya saye shi zai biya sau biyu, wani lokaci har da ransa.

A nan ya kamata mai karatu ya bi ƙwayar magani guda ɗaya daga inda aka yi ta zuwa tafin hannunsa. Mafi yawan magungunan da ake sha a Najeriya daga waje ake shigo da su, galibi daga Indiya da Sin. Ragowar da ake yi a masana'antun Legas da Ogun da sauransu, su ma sinadarin da ke aikin warkarwa a cikinsu daga can yake zuwa. Saboda haka farashin farko da dala ake yanke shi. Kaya su sauka a tashar jirgin ruwa ta Apapa, a biya kuɗin fito da na ajiya. Mai shigo da su ya ci bashin banki, kuma a ƙarshen 2024 kuɗin ruwan da Babban Banki ya ƙayyade ya kai kashi 27.5 cikin 100, na bankunan kasuwanci ya fi haka. Daga nan kwalin ya bi ta hannun dillalan Idumota ko Onica ko Kano, ya hau babbar mota, ya iso Birnin Kebbi ko Jega, sannan mai kemis na ƙauye ya zo a kan babur ya sari nasa. Kowane hannu da ribarsa, kowace tafiya da kuɗin manta. Idan maganin mai buƙatar sanyi ne, kamar insulin ko allurar tsayar da jini bayan haihuwa, sai a ƙara da kuɗin janareta, kuma man dizal ya ninka fiye da sau biyu a cikin 2022 kaɗai. Abin da wannan lissafi ke nunawa mai ɗaci ne: mutumin Andarai, wanda ya fi na Legas ƙarancin kuɗi, sau da yawa shi ke sayen magani iri ɗaya da tsada, saboda shi ne a ƙarshen layi.

Abin da ya faru daga 2023 kowa ya ji shi a jikinsa. An cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, aka saki naira a watan Yuni. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai Augmentin da Ventolin, ya ba da sanarwar daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, Sanofi ya bi sahu a watan Nuwamba. Masu asma da masu ciwon suga da masu hawan jini, waɗanda maganinsu na kullum ne, su suka fi shan wuya. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire harajin fito da na kaya a kan sinadarai da injinan haɗa magani, wanda ya rage wa masana'antu wani nauyi, amma bai taɓa asalin matsalar ba, wato canjin dala.

Akwai kuma dalilin da ba ruwansa da dala. Cututtukan sun sauya, maganinsu ma ya sauya. Zazzaɓin cizon sauro shi ne misalin da ya fi kusa da mu, domin binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Jihar Kebbi, mafi yawa a duk Najeriya. Shekara da shekaru kulorakwin ne maganinsa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Da ƙwayar cutar ta daina jin sa, a 2005 ƙasar ta koma ga haɗin atemisinin, irin su Coartem, wanda ya ninka kulorakwin tsada sau da yawa. Sai ga wani gwaji mai ban sha'awa a 2010: Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya ya riƙa biyan masana'antu mafi yawan kuɗin maganin tun daga tushe, aka buga wa kwalayen tambarin koren ganye, aka bar su suka bi hanyar kasuwa. Farashi ya sauko har a kemis na ƙauye. Da tallafin ya ƙare bayan 'yan shekaru, ya sake hawa. Wannan ya nuna cewa kuɗin hukuma yana iya danne farashi idan aka zuba shi a inda ya dace, kuma yana daina aiki ranar da aka daina zuba shi.

Duk wannan lokaci maganar inshora tana kwance. Jamus ta fara tata tun 1883 a zamanin Bismarck, Ingila ta kafa tsarin jinyar kowa da kowa daga haraji a 1948. A nan sai a watan Mayun 1999, gab da miƙa mulki, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar da doka mai lamba 35 wadda ta kafa NHIS, kuma ba a fara aiki da ita ba sai 6 ga Yuni, 2005, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. An fara da ma'aikatan tarayya. Kati ɗaya yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma mara lafiya yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Tun daga nan mai karatu zai ga cewa ba da gidan Bahaushe aka auna rigar ba. Dokar kuma ba ta tilasta wa kowa shiga ba, jihohi da yawa suka yi zamansu. Bayan fiye da shekara goma, waɗanda ke cikin tsarin ba su kai kashi 5 cikin 100 na al'umma ba. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma na tarayyar Najeriya ya fi yin shawagi a wajen kashi 5. Sakamakon haka, fiye da naira 70 a cikin kowace 100 da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya da danginsa take fita.

To yaya inshorar hukuma ke taɓa farashi? Ta hanyar farko, tana mayar da masu saye da yawa su zama mai saye ɗaya. Wanda ya zo kanti da tsakar dare ɗansa na suma ba ya ciniki, abin da aka faɗa shi zai biya. Hukumar da ke saye a madadin mutum miliyan kuwa ita ke yanke farashi, ta kuma zaɓi magani da sunansa na asali maimakon sunan kamfani. Ƙasashen da suka riƙe wannan makami suna sayen magani da sauƙi. Amurka ma, wadda ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan lafiya, ta daɗe da hana shirinta na tsofaffi, Medicare, yin ciniki da kamfanonin magani, sai a 2022 ta yi dokar da ta ba shi dama, ta kuma ƙayyade insulin a kan dala 35 a wata ga masu katin.

Hanya ta biyu ita ce wadda mu da ke bayan kanta muka fi sani, kuma ita ce tushen yawan ƙorafin masu kati. A tsarin NHIS, asibitin da mutum ya yi rajista da shi yana karɓar ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum a kowane wata, ko ya zo ko bai zo ba, kuma da wannan kuɗi za a yi masa ƙananan jinya. Manyan ayyuka irin su tiyata ana biyan kowanne da farashin da hukuma ta rubuta. Kuɗin watan ya fara a naira 550, aka mayar da shi 750 a 2012, sannan ya tsaya cak fiye da shekara goma. A 2012 naira 750 ta kusa dala 5. A farkon 2024 ta koma rabin dala. Maganin kuwa da dala ake sayo shi. A ƙaddara asibiti yana da mutum 1,000 masu rajista: naira 750,000 ke nan a wata. Idan 50 kawai daga cikinsu masu hawan jini ne ko ciwon suga da ke karɓar magani duk wata, kafin a zo kan masu zazzaɓi da gwaje-gwajensu kuɗin ya yi nisa. Ga kuma jinkirin biya daga kamfanonin da ke tsakani, matsalar da ta kai har gaban Majalisar Wakilai a 2017. Asibitin da ya samu kansa a haka abu uku yake yi: ya ce wa mai kati maganin ya ƙare, ko ya nemi ya yi ciko, ko ya ɗora giɓin a kan mai biya da hannu. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ba a cika faɗa ba. Idan hukuma ta yanke farashin da bai kai kuɗin saye ba, tsadar ba ta ɓacewa, tana zamewa ne ta faɗa kan manomin da ba shi da kati. A 2024 hukumar ta ƙara kashi 60 cikin 100 a kan kuɗin wata da kashi 40 a kan na manyan ayyuka, aka sake yin wani ƙarin a 2025. Gyara ne mai kyau da ya zo a makare.

Maƙwabtanmu sun taka wannan ƙaya. Jamhuriyar Nijar, wadda iyakarta ke nan kusa da mu ta Kamba da Dosso, ta ayyana tiyatar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2005 da 2006. Iyaye suka yi tururuwa zuwa asibiti, yara da yawa suka tsira. Amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan cibiyoyin kuɗin da suka kashe, bashi ya taru, kantoci suka bushe, iyaye suka koma sayen magani a waje. Gana ta kafa inshorarta a 2003, ta ɗora ta a kan harajin kashi 2.5 cikin 100 na kayan da ake saye, ta haka ta shigar da jama'a da yawa fiye da yadda muka yi, amma ita ma jinkirin biyan asibitoci ya daɗe yana damun ta.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ta fara juyowa ga mutumin karkara. Ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin asusun kiwon lafiya a matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, naira biliyan 55. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiya guda mai aiki, kuma Kebbi tana da mazaɓu 225 a ƙananan hukumomi 21. Rabin kuɗin, kamar yadda dokar ta tsara, na biya wa marasa ƙarfi inshora ne, kuma sai jiha ta kafa hukumarta kafin ta ci moriyarsa. Ta haka aka samu KECHEMA a Kebbi a zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu, kamar yadda Kano da Sakkwato da Katsina suka kafa nasu. Abin lura ne cewa jihohin nan sun kauce wa kalmar inshora a sunayen hukumominsu, suka zaɓi ma'anar taimakekeniya, kuma ina ganin sun yi hikima, domin jama'a da yawa suna ɗari-ɗari da inshorar kasuwanci ta fuskar addini, alhali gudummawar da ake tarawa don a agaza wa wanda lalura ta samu abu ne da muka gada. Daga baya, a 19 ga Mayu, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta maye gurbin NHIS da NHIA, ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma yi tanadin asusun marasa galihu. Wajabcin yana kan takarda. Zuwa ƙarshen 2024 masu rajista ba su kai miliyan 20 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Wahalar shigar da manomi ba ta rasa nasaba da yadda kuɗi ke zuwa masa. Ma'aikaci ana cire masa daga albashi kafin ya gani. Manomin albasa na Aliero ko na shinkafa a fadamar Jega kuɗinsa na lokaci ɗaya ne, kuma babu ofishin da ke riƙe da lissafinsa. Masu ɗorin Aliero, waɗanda ake zuwa wurinsu daga nesa, sun daɗe da fahimtar wannan: ana iya daidaitawa da su a kan abin da ya sawwaƙa, ba sa tsayar da mai karaya a bakin ƙofa sai ya kawo rasit. Ba gwaninta kaɗai ke kai mutane can ba, har da sauƙin biya. (Sai dai karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda gaɓa ta yi sanyi ta canza launi bayan ɗauri, ta asibiti ce ba tare da ɓata lokaci ba.) Tsarin taimakekeniyar da zai kama ƙasa a nan sai ya karɓi kuɗin shekara a lokacin girbi, ta hannun ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa, kamar yadda En'e ta san ba a neman haraji da bazara. Kuma sai masu lafiya sun shiga. Idan masu ciwo ne kaɗai ke yin rajista, wanda ya san matarsa ta kusa haihuwa ko tiyata na jiran sa, asusun ba zai kai ko'ina ba. Ba adashi ba ne da kowa zai kwashi abin da ya zuba. Wanda ya yi shekara bai je asibiti ba, kuɗinsa ya yi jinyar maƙwabcinsa.

Ga wanda ke da kati a yau, sanin wannan tarihi yana da amfani a bakin kanta. Idan aka ba ka amlodifin ko metfomin a kwalin da ba ka saba gani ba, ba ƙasƙanci ba ne. Matuƙar yana da lambar NAFDAC kuma ƙarfinsa ɗaya ne da wanda likita ya rubuta, aikinsu ɗaya, kuma sayen irinsa ne ke sa kuɗin asusu ya isa. Idan aka ce maganin ya ƙare, ka tambayi mai harhaɗa magani ko akwai madadinsa a jerin da inshora ta amince da shi kafin ka fita waje. Idan aka nemi ciko, ka nemi a nuna maka a kan me, ka karɓi rasit, domin da shi za ka kai kuka ga jami'in inshora na asibitin ko ofishin hukumar. Wanda ba shi da kati kuma ya tambayi shugaban cibiyar lafiya ta mazaɓarsa ko ana rajistar mata masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi da masu naƙasa a ƙarƙashin asusun matakin farko, ya tafi da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa. Akwai kuma abubuwan da an riga an biya kuɗinsu daga wani wuri, ba a sayar da su: alluran rigakafin yara, maganin tarin fuka, maganin ƙanjamau, da maganin kariyar zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina. Tun watan Disamban 2024 an ƙara da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fara bayarwa a jihohin Kebbi da Bayelsa, kuma ana fara yi wa yaro tun yana ɗan wata biyar.